Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kula Da Jami'o'i: A Ceci Fayilolin Tsofaffin Ɗalibai Daga Bakin Gara

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, Maitama, Abuja, tare da shugabannin jami'o'inmu da magatakardansu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki. A Jos aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma nake fatan a binne ni. Ban taɓa rubuta wa wata hukuma wasiƙa a bainar jama'a ba, amma na ga wani abu da idona wanda ya hana ni sukuni, kuma na san maganinsa yana hannunku.

Shekara biyu da suka wuce aka zo neman auren autata. Kamar yadda aka saba, magabatan yaron suka yi bincikensu, mu ma muka yi namu. Ranar da suka kawo gaisuwa, wani dattijo a cikinsu ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Malam, asali daga ina ne?" Na ce Jos. Ya ce, "Wannan mun sani. Mahaifin mahaifinka fa?" Nan bakina ya mutu. Iyakar abin da na sani shi ne kakanmu ya zo haƙar kuza daga ƙasar Kano tun kafin ɗiban gwamna na zamanin yaƙin Hitila, ya zauna a Bukuru, ya rasu mahaifina bai cika shekara 6 ba. Ƙasar Kano kuwa faɗi gare ta. Dattijon bai matsa ba, aka ci gaba da maganar aure lafiya, amma ni tambayar ta zauna mini a ƙirji.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne da ya koma karatu da girmansa. Yana da iyali ya shiga jami'a a farkon shekarun 1970, ya fito da digiri a fannin koyarwa. Ya rasu a 1989. Ba mai yawan ba da labarin baya ba ne, mu kuma ƙuruciya ba ta bar mu mun tambaya ba. Takardunsa duka suna cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyarmu. A rikicin Satumban 2001 gidanmu ya ƙone ƙurmus, da akwatin da hotuna da komai. Mun gode Allah da muka fita da rayukanmu, don waɗanda ba su fita ba suna da yawa, Musulmi da Kirista.

Wani abokina da ya taɓa aiki a ofishin magatakarda ne ya ce da ni, "Ka je jami'ar da ya yi mana. Fom ɗin shiga na wancan zamanin har sunan hakimi ake rubutawa." Na kama hanya. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin ma'aikatanta ba su yi mini komai ba sai alheri, kuma abin da na tarar a can ba ciwon gida ɗaya ba ne.

Matashiyar da ke kan teburin ta karɓe ni da mutunci. Ta ce, "Baba, lambarsa ta ɗalibi?" Na ce ba ni da ita, wuta ta ci. Ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, sannan ta ce bayanan da aka shigar ba su koma baya har can ba. Kwana biyu ina zarya daga wannan ofis zuwa wancan. A rana ta uku wani dattijon masinja, wanda ya ce tun yana saurayi yake dakon fayil a ginin, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wace tsangaya ya yi, kuma wace shekara ya fita?" Na faɗa masa. Ya je ya nemo izini, ya ɗauko makulli, muka zaga bayan gini zuwa wani sito.

Ranka ya daɗe, da ma a ce kana tare da mu da aka buɗe ƙofar nan. Warin danshi ne ya fara yi mana maraba. Kwanon rufin yana yoyo ta kusurwa biyu, ga shatin ruwan damina a bango. Fayiloli ne ɗaure da igiya, an jibge su daga ƙasa har kusan silin, babu kanta babu kabad. Ɓeraye sun yi sheƙa. Gara ta ja hanyarta daga daɓe ta hau cikin ɗaurin takardu, har na ƙasa-ƙasan sun koma ƙasa, in ka ɗaga sai su zube a hannunka. Babu wani jerin sunaye da zai nuna maka inda za ka dosa. Jerin yana cikin kan wannan dattijo. Shi ya san cewa 'yan tsangayar koyarwa suna ɓangaren taga, kuma na shekarun Gowon suna can ƙurya.

Sai washegari muka same shi, shi ma da ƙyar, saboda a gida Muhammadu muka san shi, akawu kuma ya rubuta shi yadda Turawa ke rubutawa, ya liƙa masa sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Da na buɗe fayil ɗin, hotonsa na fara gani, ɗan ƙarami baƙi da fari, tsatsar ƙarfen maƙala takarda ta ɓata masa kafaɗa. Tun 2001 ban sake ganin fuskar mahaifina ba sai ranar. Na zauna a kan wani ɗaurin fayil na yi kuka, dattijon nan ya fita ya ba ni wuri.

A shafi na biyu, da rubutun hannunsa da na sani, ga sunan mahaifinsa, ga sunan kakansa, ga garin uba: wani ƙauye a gundumar Gaya. Ga shekarar haihuwa, 1938, babu wata babu rana. Ga sunan mutumin da ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu, wanda ko sau ɗaya ba mu taɓa jin an ambata ba. Ga elementaren da ya yi da kwalejin horon malamai, kowace da shekarunta. Akwai wasiƙar shaida daga hedimastansa, wani Bangashe Kirista daga wajen Pankshin, yana cewa ya tsaya masa kuma a ba shi dama. Can ƙarshe akwai wata 'yar takarda da mahaifina ya rubuta yana roƙon a ɗaga masa ƙafa kan kuɗin makwanci domin an yi masa haihuwa a gida. Na lissafa watan, na gane ƙanwata ce aka haifa.

Na je ƙauyen. Dagaci ya tara dattawa, na faɗi sunayen nan biyu. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta ce, "Jikan wanda ya tafi kuza bai dawo ba ne?" Ashe suna da labarinsa, rabin da ya ɓace musu shi ne muke riƙe da shi, rabin da ya ɓace mana kuma yana wurinsu. Mutum 9 suka zo ɗaurin auren 'yata daga garin.

Takarda guda ce ta yi wannan aikin, ranka ya daɗe, takardar da a idon ofis aikinta ya ƙare tun ranar da mai ita ya karɓi digirinsa. A nan matsalar take. Jami'o'inmu suna ɗaukar fayil ɗin ɗalibi a matsayin kayan aikin magatakarda: ana buƙatarsa muddin mai shi zai iya dawowa neman takardar sakamako, daga nan sai sito. Ni kuwa abin da na gani a siton nan salsalar al'umma ce. Ga mutanen da haihuwarsu ba a rubuta ta a asibiti ba, aurensu ba a rubuta shi a kotu ba, mutuwarsu ma sau da yawa babu takarda, fom ɗin makaranta shi ne wuri ɗaya tilo da aka taɓa tambayarsu su waye iyayensu, suka amsa da hannunsu.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce muke son kwaikwaya. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. A zauren karatu, tambayar farko da ake yi wa baƙon malami ita ce a hannun wa ya yi karatu, shi kuma malamin nasa a hannun wa ya ɗauka. Ijaza ba komai ba ce illa rajistar ɗalibai da malamai, sarƙa ce da ake bi daki-daki har a kai ga mawallafin littafi. Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya rubuta Ida'un Nusukhi domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a hannun kowanne, kuma da wannan ɗan littafin ne masana suke gane irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa kafin jihadi. Kafin shi, Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya tattara tarihin malaman Malikiyya ɗaya bayan ɗaya a cikin Nailul Ibtihaj, har da na yankinmu na Afirka ta Yamma, wanda a da ake kira Sudan, a lokacin da aka kwashe shi zuwa Maroko yana zaman dole. Mutumin da aka raba da garinsa da littattafansa bai ga abin da ya fi cancanta ya yi ba sai rubuta sunayen malamai. A gidan adana kayan tarihi na nan Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai rubuce-rubucen Larabci na hannu, kuma duk wanda ya saba da irinsu ya san mai kwafe yakan sa sunansa a ƙarshe ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa. Abin kunya ne a ce jikokin waɗannan mutane, da fanka da kwamfuta da kasafin kuɗi, su kasa riƙe sunayen ɗaliban shekara 50 kacal.

Su ma Turawan da muka karɓi tsarin jami'a daga wurinsu ba sama ta ka abin ya zo musu ba, wasu ne suka ba da rayuwarsu. Kowane ɗan sakandare ya san da'irorin Venn a darasin lissafi. To, shi wannan John Venn, a ƙarshen rayuwarsa, shi da ɗansa suka duƙufa kan tattara sunan duk wanda aka san ya yi karatu a Jami'ar Kambirij tun farkonta har zuwa 1900. Littafi 10 aikin ya cika, an fara bugawa a 1922, uban ya rasu a 1923, ɗan ya ci gaba har aka kammala a 1954. Sunaye sama da 100,000 ne a ciki, kuma gwargwadon abin da suka samu, kowanne da sunan mahaifinsa da garinsu da makarantar da ya fito da aikin da ya yi daga baya. Joseph Foster ya yi wa Jami'ar Oksfod irin wannan aikin, daga 1500 zuwa 1886. Yau na Kambirij yana intanet, kowa zai iya bincikawa kyauta. Ba'amurke yana zaune a ɗakinsa zai gano kakansa na bakwai da ya yi karatu shekara 300 da suka wuce, ni kuma sai da na yi kwana huɗu da taimakon mutum ɗaya kafin in gano mahaifina.

A gida ma muna da misali. Kwalejin Katsina da aka fara a 1921, wadda ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa, ta riƙe al'adar ba kowane ɗalibi lambarsa a jere tun daga na farko. Har yau tsofaffin ɗalibanta da lambar suke gabatar da kansu, kuma da jin lambar ka san waye gaba da wa. Saboda wannan jeri ne mai bincike zai iya bin sawun su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Yakubu Gowon ya ga su waye 'yan ajinsu, daga wane lardi kowa ya fito. Makarantar sakandare ta iya wannan, me zai gagari jami'a?

Mu ma mun fi Bature buƙatar irin wannan kundi, saboda yadda sunayenmu suke. Bature yana da sunan gida da ke bin zuri'a ɗaruruwan shekaru. Mu kuwa kowane ɗa da sunan ubansa yake tafiya, sai a wayi gari jika da kaka ba su haɗa ko kalma ɗaya ba. Makarantar boko ta zo ta ƙara dagula lissafin: yaro ba zai iya faɗin sunan mahaifinsa gatsal ba saboda kunya, ga Muhammadu biyar a aji, sai malami ya raba su da sunan gari. Ta haka muka samu Aminu Kano da Isa Kaita da Sa'adu Zungur. Wani ya shiga makaranta da sunan yayansa, wani da sunan hakimin da ya kai shi. Suna ɗaya kuma ana rubuta shi iri huɗu ko biyar. Fom ɗin shiga ne kaɗai yake haɗa sunan makaranta da sunan uba na gaskiya da garin asali a shafi guda.

Lamarin mata ya fi tsanani. Yarinyar da ta fito daga makarantar 'yan mata ta Ilori ko ta Kano ta shiga jami'a a shekarun 1960 da 1970 da sunan mahaifinta ta shiga, wataƙila ta fita da sunan miji, ta yi aiki da shi har ta rasu. Waɗannan su ne suka fara buɗe ƙofar da 'ya'yanmu mata ke bi yau, da yawansu sun sha gori da tsangwama kafin a bar su. In ba a cikin fayil ba, ina za a sami zaren da ya haɗa sunayen biyu? Mukan yi ta cewa "mace ta farko da ta yi kaza a Arewa" a wuraren taro, alhali hujjar tana can gara tana ci.

A matsayina na malamin tarihi, abin da ya fi cin raina shi ne tambayoyin da muke ta musu a kansu a majalisa da baki kawai, ga amsoshinsu a jibge. Su wa suka fara samun ilimin jami'a a Arewa, 'ya'yan sarauta da ma'aikatan En'e ne, ko kuwa 'ya'yan talakawan da aka kama aka kai makaranta dole? Wane lardi ne ya yi gaba, wane aka bari a baya, kuma yaushe tazarar ta fara? Nawa ne suka fito daga makarantun mishan irin na Gindiri, nawa daga makarantun lardi? Wanda ya bi rajistar jami'ar Zariya, da aka buɗe a 1962, zai iya ganin abin da rikicin 1966 ya yi wa ajujuwa, sunayen 'yan Gabas da suke nan a wannan zango babu su a na gaba. Zai iya samun cikakken sunan ɗaliban da aka rasa a zanga-zangar Afrilun 1978 da ta Mayun 1986, da garuruwansu, domin su daina zama adadi. Zai ga 'yan Kamaru da Nijar da Gana da suka yi karatu tare da mu, ya ga malaman da suka zo daga Indiya da Pakistan da Ingila da Gabashin Afirka. Ko Jami'ar Jos ta taɓa samun Farfesa Ali Mazrui a jerin malamanta. Zai iya ƙirga likitocin da muka yaye ya bi sawu ya ga nawa suka rage a ƙasar. Duk wannan ba ya yiwuwa da labarin manyan mutane goma da kowa ya sani. Sai da sunayen dubban da ba su yi suna ba, malaman firamare irin mahaifina da akawuna da malaman gona.

Ga kuma kundayen kammala digiri. Ɗaliban tarihi da na Hausa na shekarun 1970 da 1980 sun koma garuruwansu sun yi hira da tsofaffin da suka ga zuwan Turawa da idonsu, suka rubuta sunan tsohon da shekarunsa da ranar hirar. Tsofaffin sun tafi. Kwafi ɗaya ko biyu da aka buga da tafireta shi ne muryarsu da ta rage. Ni da kaina an taɓa naɗe mini tsire da shafin irin wannan kundi.

Akwai wata fa'ida da na san ta fi kusa da teburinka. A 1999 Kakakin Majalisar Wakilai ya sauka daga kujerarsa kan takardar jami'ar Toronto da ba ta tabbata ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni, har gwamnati ta dakatar da amincewa da takardun jami'o'in Benin da Togo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'ar da ba za ta iya buɗe rajista ta ce wane ya yi karatu a nan ko bai yi ba, ta bar ƙofa a buɗe ga maƙaryaci, ta kuma zalunci mai gaskiyar da takardarsa ta ƙone.

Na san abin da za a ce, kuma ban raina shi ba. Za a ce sirrin mutane. Gaskiya ne, a cikin fayil akwai makin jarrabawa, akwai takardar likita, akwai horon da aka yi wa wani kan kuskuren ƙuruciya, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana a watsa irin wannan. Ni ma ba zan so baƙo ya karanta wasiƙar da mahaifina ya rubuta yana neman sassaucin kuɗi ba tare da saninmu ba. Amma suna da tsangaya da shekarar shiga da ta fita da irin digirin, ai waɗannan da lasifika aka karanta su ranar bikin yaye ɗalibai, aka buga su a littafin biki aka raba wa jama'a. Su za a fitar. Sauran a adana a kulle, a buɗe wa iyalan mamaci in sun kawo shaida, a buɗe wa masu bincike bayan wa'adin da za ku yanke. Ingila tana kulle bayanan ƙidayarta shekara 100, na 1921 sai a 2022 aka sake su. Kullewa da niyyar buɗewa wata rana hikima ce. Abin da muke yi yanzu kuwa, takardar ba ta tsira ba, sirrin ma bai tsira ba, don duk wanda ya sami makullin sito zai kwashi abin da ya ga dama.

Akwai wani tsoron da mu mutanen Jos muka fi kowa saninsa, kuma ba zan kauce masa ba. Wani zai ce in aka tono garin uban kowa, an ba masu rigimar ɗan ƙasa da baƙo sabon makami. Na yi tunanin wannan sosai, domin fayil ɗin mahaifina ya ce kakana daga Gaya ya zo. Amma shafin nan dai ya ce an haifi mahaifina a Bukuru a 1938, kuma wanda ya tsaya masa har ya shiga jami'a Bangashe ne Kirista. Rigimarmu da rabin labari take ci. Kowa ya riƙe guntun da ya yi masa daɗi, ya jefar da sauran. Cikakkiyar rajista za ta nuna Birom da Anaguta da Afizere da Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo a aji ɗaya, ɗaki ɗaya, layin abinci ɗaya. Na fi son jikokina su ga wannan a rubuce da su tashi da abin da suke ji a bakin titi.

Lokaci ba ya jiranmu. A watan Oktoba na 2016 mutanen garin nan sun ga hayaƙi yana tashi daga Naraguta, gobara ta ci ginin ɗakin karatu na Jami'ar Jos, littattafai da takardu masu yawa suka salwanta. Kafin nan mun ga babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga kuma mutanen kansu. Jami'ar Jos ta fara ne a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a ƙarshen 1971, ɗaliban farko suka shiga a Janairun 1972, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 a wancan rukuni yanzu ya haura 70. Ɗaliban farko na Ibadan, na 1948, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Kowace jana'iza muka je, mun binne wanda zai iya duba tsohon hoto ya ce wannan wane ne, wancan wance ce.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Tawagarku tana zuwa kowace jami'a tantance kwasa-kwasai, tana ƙirga malamai da littattafai da kayan ɗakin gwaji, kuma shugabannin jami'a suna jin tsoron wannan ziyara fiye da kowace. Ku sa ɗakin adana fayiloli cikin abin da za a duba. A nuna muku ɗakin da ba ya yoyo, da kantoci, da abin kashe gobara, da ma'aikaci wanda ya karanci adana takardu, da jerin abin da ke ciki. Ranar da wannan ya shiga takardar tantancewa, kafin shekara ta zagayo za a gyara rufin da aka yi shekara 20 ana cewa babu kuɗinsa.

Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu yana gina manyan ɗakunan lacca yana sayen littattafai. Ku nemi a ware wani kaso don ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli da littattafan bikin yaye ɗalibai da kundayen digiri. A fara da na kafin 1978, domin kafin a kafa JAMB kowace jami'a da kanta take ɗaukar ɗalibanta, babu wani jeri a wata hukuma da za a koma masa in nata ya ɓace. Waɗanda suka fita kafin a fara hidimar ƙasa a 1973 ma sun fi kowa zama cikin haɗari. Hannun aiki ba zai yi wuya ba: ga ɗaliban tarihi da na kimiyyar ɗakin karatu suna neman abin da za su rubuta a kai, ga masu yi wa ƙasa hidima suna zaman banza a ofisoshi. A ajiye kwafi a jami'ar, a kai wani Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, na jami'o'in Arewa a ƙara kai wani cibiyar binciken tarihi ta Arewa House. Ina roƙonku da babbar murya kada a ce an ɗauki hoto sai a ƙone takardar. Kwamfuta tana mutuwa, ɗan kwangila yana tafiya da kalmar sirri, takarda kuwa in ta sami busasshen wuri sai ta yi shekara ɗaruruwa. Wanda zai tsara rumbun binciken kuma ya zama ya san sunayenmu, yadda in an nemi Muhammadu zai kawo Mamman da sauran rubuce-rubucensa, in an nemi Ɗanladi ba zai ɓace ba don an rasa ƙugiyar harafi.

Ku kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ranku ya daɗe, na ga kuna tara kuɗi kuna gina ƙofar shiga da rijiyar burtsatse, Allah ya saka. A taronku na gaba kowa ya zo da littafin bikin yayensa da hotunan ajinsu, a zauna a rubuta sunaye a bayan kowane hoto tun masu ganewa suna nan. A aika wa matan mamata da 'ya'yansu su kawo abin da ke cikin akwati a ɗauki hoto a mayar musu.

Kafin komai, a nemi tsofaffin akawuna da masinjoji irin wanda ya taimake ni, a zauna da su a siton da biro da takarda. Da muke rabuwa ya gaya mini saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, kuma babu wanda aka haɗa shi da shi ya koya masa inda komai yake. Na roƙi a ba ni fayil ɗin mahaifina in tafi da shi, aka ce doka ba ta yarda ba, kuma na ga gaskiyarsu. Na ɗauki hoton kowane shafi da wayata. Sannan na fita bakin ƙofar jami'a na sayo leda, muka sa fayil ɗin a ciki muka ƙulle, dattijon ya ɗora shi can saman ɗauri, nesa da inda ruwa ke ɗiga. Na ƙarƙashinsa, na iyayen wasu, haka muka bar su muka ja ƙofa, ga shi kuma an yi damina biyu tun daga ranar.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Jos, Jihar Filato.